Lamba Biyu a Hannu Ɗaya

Orpha, Michigan
12 ga Mayu, 2010

Zuwa ga 'yar'uwata Aili,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki da jikokin da aka ce sun kai uku. Kada ki yi ta juya ambulan kina neman wane ne. Ni ne Elmer, ɗan Kawunki Waino, wanda kika tura cikin kududdufin jar laka a bayan coci kika ce santsi ne ya kwashe ni. Har yau ban yafe ba. Adireshinki a wurin matar fasto na samo. Na so in buga waya, sai na tuna halinki, na ce gara takarda, ita ko an daka mata tsawa ba ta ji.

Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta dama da ke yi mini gardama duk safiya. Matata Joanne tana gaishe ki. Baba dai jiki ya ja baya. Shekara tamanin da biyu, zuciya ta gaji, daga gado zuwa kujera sai ya huta. Yana wurinmu yanzu, a ɗakin ƙasa. Bakin nan nasa kuwa yana nan daram, jiya ma ya ce gahawar Joanne ruwan wanke kwano ce.

Ba za ki gane garin ba. Tsohon layin dogon da jirgi ke bi da tama zuwa bakin tafki an cire shi, an shimfiɗa hanya a kai, ta masu keke da masu tafiya a ƙasa. Ta ratsa ta tsohuwar unguwarmu. Gidajen babu, tun da aka ce ƙasar za ta rufta aka ja su zuwa wani wuri, amma matakalan siminti suna nan cikin ciyawa, kowace tana hawa zuwa inda babu ƙofa. Na ƙirga, ta gidanku ita ce ta huɗu daga kwanar shagon Bertucci. Na zauna a kai na ci fasti ɗaya, burodin nan namu mai nama a ciki, da zafinsa, na tuna yadda jiniyar ƙarfe uku da rabi ke tashi, mu bar wasa mu ruga mu tari iyayenmu suna fitowa daga ramin haƙar tama jajaye tun daga hula har takalmi, idanu kawai ke fari. Kin tuna ko zanen gadon da aka shanya sai ya koma ja in iska ta juyo? Kewa ta kama ni sosai ranar, ba zan ɓoye miki ba.

Tun da na yi ritaya daga koyarwa suka maƙala mini aikin allunan bayani da ake kafawa a gefen hanyar. Yara 'yan makaranta kan zo, in yi musu bayanin yadda kakanninsu suka haƙo ƙarfen da aka gina rabin ƙasar nan da shi, su kuwa hankalinsu na kan abin da ke cikin jakar abincinsu. Allunan na ƙarfe ne, a maƙera ake zuba su, abin da aka rubuta ya zauna ke nan.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Allo na gaba na bakin Ramin Orpha ne, kuma ba a maganar ramin nan ba tare da sunan mahaifinki, Onni Koskela, ba, shi ne na ƙarshe da ramin ya ci kafin a rufe shi. Ba na so a rubuta harafi ɗaya ba da saninki ba. Ina so mu shirya rubutun ni da ke, yadda ba zai fama wa kowa tsohon miki ba. A ƙarshen Agusta za a kai wa maƙera.

Ki amsa mini, ko da zagi ne.

Ɗan'uwanki,
Elmer


Tacoma, Washington
3 ga Yuni, 2010

Elmer,

Na samu takardarka, na gode da gaisuwa. Muna lafiya. Ina nan ina aikin nas, shekara biyu suka rage in ajiye in huta da tsayuwa. Jikokin huɗu ne, ba uku ba, matar fasto ta tsufa. Ka gai da Joanne, ka ce na yi mata jaje da auren mutumin da har yanzu yake riƙe da zancen kududdufi. Santsi ne, kuma ko yau aka sake sai ya kwashe ka.

Na karanta zancen matakala har sau uku. Ta huɗu ta gidan maƙwabtanmu su Maki ce, ya kai malam mai koyarwa, tamu ta biyar ce, mai tsaga a mataki na biyu. A kai Mama ke zaunar da ni ta tsefe mini kai ranar Asabar kafin mu shiga ɗakin wankan tururi.

Sai na zo kan layin nan naka, wai rubutun da ba zai fama wa kowa miki ba. Nan na ajiye takardar na fita waje. Mikin wa, Elmer? Ka ce a yi rubutun da zai wanke babanka, ka huta da kwana-kwana. Kai shekararka shida lokacin, ni goma, bari in tuna maka tun da ka manta.

Kowane mahaƙi yana da lambarsa ta tagulla. In zai sauka ya rataye ta a ɓangaren ƙasa na allon ƙusoshi, in ya fito ya mayar da ita ɓangaren sama. Helma, wato shugaban ma'aikata, ba ya rufe rami sai ya ga ɓangaren ƙasa babu ko ɗaya. Ran sha huɗu ga Nuwamba, 1962, jajiberin buɗe farautar barewa, kowa na sauri, domin ramin zai yi hutun kwana biyu. Babana da babanka abokan rami ne, tare suke aiki a hawa na tara. Sun zo bakin keji, wato abin da ke fito da mahaƙa sama, sai Babana ya tuna ya bar langar abincinsa, ya ce wa babanka ya hau, zai biyo keji na gaba. Babanka ya hau, ya ɗauki lamba biyu, tasa da ta Babana, ya mayar da su sama, ya yi wanka, ya shiga mota ya tafi bukkar farauta. Helma ya duba allo ya ga kowa ya fito, aka tsayar da inji, aka kulle.

Dutse ya faɗo wa Babana a hanyar dawowa. Mama ta ɗauka ya wuce daji tare da babanka, babanka ya ɗauka Mama ce ta riƙe shi a gida. Da safe ina cin kunun alkama sai ga shi a ƙofa da jar rigar farauta, yana dariya, yana cewa ina malalacin yake, barewa ba ta jira. Na ga fuskar Mama, na ga tasa. Likitan da ya duba gawar ya ce Babana ya daɗe da rai a ƙasan nan, yana jiran a zo.

Shi ke nan labarin. Da bazara Mama ta kwashe ni muka taho nan wurin yayarta, ta yi shekara talatin tana guga a gidan wanki, ta mutu ba ta sake ambaton sunan ɗan'uwanta ba. Ni kuma na tashi babu uba.

In za ku rubuta, ku rubuta duka, har da sunan wanda ya ɗauki lambar da ba tasa ba. In ba za ku iya ba, ku bar Babana ya kwanta, kada ku mai da shi abin kallon masu keke.

Aili


Orpha
14 ga Yuni, 2010

Aili,

Na gode da amsa, na roƙi zagi kuma na samu har da gyara. Fatan kina lafiya. Baba ya yi mako mai wuya, ƙafafu sun kumbura, amma jiya ya ci abinci. Na koma na duba matakalar, gaskiyarki, ga tsagar nan. Ashe a ƙofar gidan Maki na zauna ina hawaye.

Amma sauran kin karanta ni a baibai, kuma raina ya ɓaci. Ba babana nake neman wankewa ba. Hana shi nake so in yi.

Ranar da ya ji za a kafa allo a bakin ramin, ya kira ni ya ce in kawo takarda. Ya faɗa ina rubutawa, kusan kalma da kalma abin da kika rubuto mini, ya rufe da cewa, "Waino Salmi ne ya ɗauki lambar Onni Koskela alhali Onni yana ƙasa." Ya ce haka za a zuba a ƙarfe, da manyan baƙi. Na ce ba zan kai ba. Ya ce in ban kai ba zai sa Joanne ta tura shi a keken marasa lafiya har wurin taron kwamitin alluna ya faɗa da bakinsa. Kin san shi, zai aikata.

Ke kin tafi, Aili, mu muka zauna da shi. Bai sake sauka rami ba, ya koma tuƙin motar kwashe dusar ƙanƙara ta gunduma. Bindigar farautarsa ya ba maƙwabci a makon, bai ƙara cin naman barewa ba. Shekara arba'in da takwas bai taka hanyar ramin ba, in za mu coci sai ya zagaya ta bayan makaranta, mil biyu a banza, mu muna baya muna rawar sanyi ba mai cewa uffan. Babu wanda ya taɓa ce masa kanzil a garin nan, domin duk wanda ya taɓa sauka rami ya san yadda abin yake. Shi ne bai saki kansa ba.

Ina da jikoki biyu masu suna Salmi, kullum suna kan hanyar nan da kekunansu. Ba na so su tsaya su karanta kakan babansu a jikin ƙarfe, a san shi da abu ɗaya tak cikin shekara tamanin da biyu. Mutumin nan shi ya koya wa rabin yaran unguwa kamun kifi a kan ƙanƙara. Shi ya yi ta share ƙofar tsohon gidanku duk hunturu har aka ja gidan, alhali babu kowa a ciki.

Na gaya masa na rubuta miki. Ya ce abin da 'yar Onni ta ce shi za a yi, ita ke da haƙƙi. Saboda haka ban karanta masa takardarki ba, na ce masa amsa ba ta zo ba tukuna. Ƙarya nake yi wa mahaifina yana bakin kabari, kuma ba na jin daɗinta.

Ba na ce ki yafe ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Cewa nake ki rubuto layi ɗaya, ki ce ba sai an sa sunansa ba. Maganarki kaɗai zai ji.

Elmer


Orpha
16 ga Agusta, 2010

Aili,

Fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Wata biyu ke nan. Mu muna nan, an yi zafi, an sami 'ya'yan itace a daji da yawa bana. Baba ya daina fitowa tebur.

Kullum in mai kawo wasiƙa ya wuce sai ya tambaya. Ran Asabar na gaji da ƙarya na karanta masa takardarki ta Yuni, ban tsallake komai ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce yarinyar tana da riƙe abu, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, har jar rigar. Ya ce to an gama, a kai.

Shiru ma amsa ce, na ji. Ran talatin ga wata zan kai rubutun maƙera yadda ku biyun kuke so. Ban taɓa ganin mutum biyu da ba sa magana da juna sun haɗa baki haka ba. Ba zan sake damun ki ba.

Elmer


Tacoma
21 ga Agusta, 2010

Ɗan'uwana Elmer,

Gaisuwa, da fatan jikin Kawu da sauƙi. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Kada ka kai komai maƙera. Na sa wannan a farko domin na san ka, in ranka ya ɓaci rabin takarda kake karantawa.

Shirun da na yi ba amsa ba ne. Takarda biyar na rubuta na yaga. Da a ce Kawu musu ya yi, da na ji daɗi, da na san inda zan tsaya. Sai ka rubuto cewa shi da kansa yake neman a zuba sunansa, sai na rasa abin riƙewa, domin akwai abin da na sani wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Mama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi.

Daminar da nake shekara tara, nakan je in jira Babana a ƙofar ɗakin fitilu, inda allon ƙusoshin yake, don mu wuce daji tsinkar 'ya'yan itace kafin rana ta faɗi. Shi kullum a kejin farko yake fitowa, Kawu kuwa sai ya tsaya gyara kayan aiki ya biyo na baya. Kullum lamba biyu Babana ke ɗauka. Na tambaye shi dalili, ya ce ɗaya tasa, ɗaya ta sarkin nawa, don kada ya zo ya tarar da layi a gaban allo ya rasa ruwan zafi. Ya ce an hana, amma duk abokan rami haka suke yi wa juna, in ba ka ɗaukar wa abokinka lamba ba to ba ka yarda da shi ba ne.

Wata rana ya ɗaga ni sama, ya ce in yi da kaina. Har yanzu ina jin sanyin tagullar a hannuna, ɗari da sha takwas da ɗari da sha tara. Ni da hannuna na mayar da lambar Kawu Waino sama alhali yana can ƙasa, kuma na yi ta murna ranar kamar an ba ni sarauta. Da dutsen ranar ya zaɓi faɗowa, da kai ne maraya, da sunan Babana ake neman zubawa, ko nawa.

Na san wannan tun safiyar da Kawu ya tsaya a ƙofarmu. Amma Mama tana bukatar wanda za ta ɗora wa, shi ya riƙe ta a tsaye a gaban dutsen guga, ni kuma ƙarama ce, na ji tsoro. Da na girma sai na tarar fushin ya zama nawa, na saba da shi kamar tsohon takalmi. Laifi tudu ne, na taka nawa shekara arba'in da takwas ina hango na Kawu. Kunya nake ji, Elmer, kunya mai yawa.

Kada ka karanta masa wannan. Ba maganar takarda ba ce, zumunta a ƙafa take. Na nemi hutu, zan sauka ran sha takwas ga Satumba. Ka ce masa kawai ina zuwa. Ka kuma ce wa Joanne ta gyara gahawar nan kafin in iso.

'Yar'uwarki ta kududdufi,
Aili


Orpha
28 ga Agusta, 2010

Aili,

Takardarki ta iso jiya, saura kwana uku. Na karanta har ƙarshe, don ki sani. Na kira maƙera na ce su dakata, mutumin ya yi ta mita wai na ɓata masa tsari, na ce ya yi haƙuri, mu dangin haka muke.

A ƙasan takardar kin rubuta "'yar'uwarki", ni namiji ne tun 1956, amma wannan kam na yafe miki.

Na gaya wa Baba kina zuwa. Bai tambayi me za ki ce ba. Ya sa an kira mai aski, ya ce a fito masa da rigarsa ta coci a goge. Yana tsammanin hukunci za ki kawo, kuma ya shirya karɓa a tsaye. Likita ya ce mako uku ba abin alkawari ba ne, amma shi ya ce zai jira.

Ki zo da rigar sanyi, kin manta Satumbarmu.

Elmer


Tacoma
9 ga Oktoba, 2010

Ɗan'uwana Elmer,

Na iso gida lafiya, na koma aiki. Ka gai da Joanne, ka ce mata fastin da ta ƙunsa mini bai kai Minneapolis ba. Na ji daɗin jin cewa Kawu yana ɗan fitowa tebur. Ka riƙe masa hannu ka ce daga ni ne.

Ka tambaye ni sau biyu a mota me ya faru ranar da na ce ka tsaya a bakin hanya na tura kekensa ni kaɗai. Na ce maka ba komai, ka yi fushi har filin jirgi. Ba rowa ba ce, in na buɗe baki ranar kuka zan yi, kuma ba zan ba ka wannan daɗin ba. Yanzu ga shi.

Tafiyar ta fi yadda na zata tsawo. Ganye ya yi ja, tsakuwar hanya ja, takalmana farare suka koma kalar da Mama ke faɗa a kai. Duk allon da muka zo sai ya ce in tsaya in karanta masa, ya gyara maka kurakurai uku, na rubuta su a bayan wannan takarda. Ya nuna mini inda ɗakin fitilu yake dā, yanzu bishiyoyi ne, da inda mata ke tsayawa da rana su miƙa langar mazajen da suka manta. Ya kira mini sunayen mutanen hawa na tara ɗaya bayan ɗaya, da laƙabinsu, da abin da kowa ke ci. Duk sun mutu sai shi. Na koyi garinmu a awa ɗaya fiye da duk abin da na ɗauka na sani.

Da muka isa bakin ramin, sai na ga ashe faifan siminti ne kawai cikin shingen waya, ko girman ɗakin girkinku bai kai ba. Na yi shekaru ina mafarkinsa kamar zai haɗiye gari. Na durƙusa gaban keken na faɗa masa duka, da daminar, da lamba biyu, da hannuna.

Ashe ya sani. Ya ce Babana ya ba shi labari a ranar, suna wanka, yana alfahari wai 'yarsa ta kai allo. Na ce to me ya hana shi faɗa, shekara arba'in da takwas, ko sau ɗaya, ko ga Mama?

Ya ce, "In ce mata me, Aili? Mijinki ma yana yi? Kowa na yi. Amma ranar ni na yi."

Na ce masa na yafe, kuma ina roƙo shi ma ya yafe mini shirun da na yi. Ya ɗora hannu a kaina kamar ina shekara tara. Na ce sunansa zai shiga allon, amma ba yadda ya faɗa ba. A rubuta cewa Onni Koskela da Waino Salmi abokan rami ne shekara goma sha ɗaya, kuma kamar sauran abokai sukan ɗaukar wa juna lamba saboda yarda, kuma wannan al'ada ita ta sa ba a nemi Onni da wuri ba, kuma daga ranar ba a sake yin ta a garin nan ba. Ya yi gardama kaɗan, na tuna masa shi ya ce maganata za a bi. Sai ka tsara kalmomin, kai ne malami.

Na kama keken zan juya, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na ce uku da rabi. Ban lura ba sai da na faɗa, amma na tabbata shi da gangan ya zaɓi lokacin fitowarmu. Ya ce tsakanin kejin farko da na biyu minti ashirin ne. Ya ce duk shekarun nan ba lambar ke hana shi barci ba, minti ashirin ɗin ne. Da ya tsaya a bakin keji ya ga wanda ya fito da wanda bai fito ba, da an sauka tun da rana.

Na ce, "To, Kawu, mu tsaya."

Na ja birkin keken, na zauna a ƙasa kusa da shi, muka fuskanci simintin. Masu keke biyu suka wuce suka gaishe mu, bai ko juya ba. Sanyi ya sauko, na rufa masa rigata a gwiwa. Can na gane ni ma ban taɓa jiran Babana ba, tun ina shekara goma fushi kawai na yi, ban zauna na yi kewarsa ba. Ranar na yi, har majina.

Huɗu saura goma na nuna masa agogo. Ya cire hularsa da ƙyar, ya riƙe ta a ƙirji, ya dubi simintin ya ce, "Onni, na jira ka. Ga 'yarka, ita za ta kai ni gida."

Sai na sake birkin na turo shi wurinka.

'Yar'uwarka,
Aili